Sharhi kan Transfer Portal: Fotal ɗin Sauya Sheƙar 'Yan Wasan Jami'o'in Amurka

Duk mai bibiyar zari-rugar jami'o'in Amurka, wato wasan da ake kira American football, ya saba jin an ce wane ya shiga fotal. Sunan abin Transfer Portal, kuma hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i ce ta buɗe shi ranar 15 ga Oktoban 2018. Yadda ake kururuta shi, sai mutum ya ɗauka wata katafariyar kasuwa ce mai dillalai da rumfuna. A zahiri rumbun sunaye ne a intanet: sunan ɗan wasa, makarantarsa, wasan da yake yi, da hanyar tuntuɓarsa. Kociyoyi da jami'an makarantu ne kaɗai ke da izinin leƙawa. Jerin da jama'a ke gani a kafafen labaran wasanni irin su 247Sports ko On3 ko ESPN, 'yan jarida ne ke harhaɗa shi daga majiyoyinsu, shi ya sa a kan samu saɓani tsakaninsu.

Hukuncinmu a taƙaice shi ne, aikin da aka gina fotal ɗin dominsa yana yin sa sarai: ya ƙwace wa koci ikon hana yaro tafiya. Daga nan kuma ya nannaɗe hannu. Ba ya nema wa kowa gurbi, ba ya lamunce wa kowa tallafin karatu, kuma wanda ya fi buƙatar kariya shi ya fi barin sa a rana.

Sai an tuna yadda ake yi a da kafin a ga darajarsa. Kafin 2018, ɗan wasan da ke son barin makaranta sai ya nemi izinin makarantar tukuna kafin wata jami'a ta yi magana da shi ko ta ba shi tallafin wasa. Koci na iya rubuta jerin makarantun da ya haramta masa. A 2017 Corey Sutton na Kansas State ya miƙa sunayen makarantu 35, aka ƙi amince masa da ko ɗaya, sai da surutu ya yi yawa koci Bill Snyder ya sake shi. Bayan wannan kuma, a zari-ruga da ƙwallon kwando na maza da na mata da besbol da hokin ƙanƙara na maza, wanda ya sauya makaranta sai ya yi shekara guda a benci, in dai ba ya riga ya kammala digiri ba ne ko an yi masa afuwa ta musamman. Ta ƙofar kammala digiri Joe Burrow ya bar Ohio State zuwa LSU a 2018, ta ƙofar afuwa Justin Fields ya bar Georgia zuwa Ohio State a 2019.

Matakan shiga ba su da wuya. Ɗan wasa ba ya shigar da sunansa da kansa. Zai kammala wani ɗan gajeren darasi na NCAA a intanet da ke bayyana masa abin da sauya sheƙa ke jawowa, sannan ya sanar da ofishin bin ƙa'ida na makarantarsa a rubuce. Ofishin na da kwana biyu na aiki ya saka sunan. Da zarar suna ya bayyana, kowane koci na da damar kiransa. In ya riga ya san inda ya nufa, yana iya sa alamar kada a tuntuɓe shi, alamar da masu harkar ke karantawa a matsayin an gama magana tun kafin a shigo. Yana kuma iya janye sunansa in ya sake shawara.

To a nan ne tarko na farko yake, kuma yara da yawa ba sa gane shi sai sun faɗa. Daga ranar da ka ba da sanarwa, makarantarka na da ikon rage ko soke tallafin karatunka a ƙarshen zangon da ake ciki, kuma koci ba dole ne ya ajiye maka gurbi ba. Janye suna ba ya maido da ko ɗaya. Sai abin da koci ya ga dama. Wanda ya shiga don ya gwada farashinsa kawai, in waya ba ta yi ƙara ba, ya yi biyu babu. Alƙaluman da NCAA ke fitarwa da kanta sun nuna cewa kowace shekara kaso mai yawa na waɗanda suka shiga ba sa samun sabuwar makaranta, wasu kuma su gangara zuwa ƙaramin rukuni. Akwai kariya guda da aka ƙara a 2022: makarantar da ta ɗauki ɗalibin da bai gama digirin farko ba ta kuma ba shi tallafi, to wajibi ne ta ci gaba da biya har ya gama karatu ko wa'adin wasansa ya ƙare. Doka ce mai kyau, amma sai ka samu mai ɗauka take yi maka amfani.

Tarko na biyu karatu ne, kuma shi aka fi yin shiru a kansa. Fotal ba ya duba ko kwasa-kwasanka za su bi ka. Sabuwar jami'a ce ke yanke waɗanda za ta karɓa, kuma kwas na iya karɓuwa a takarda amma ya ƙi shiga lissafin digirin da aka yi maka rajista. A babban rukuni na NCAA ana buƙatar ɗan wasa ya cika kashi 40 cikin ɗari na digirinsa kafin shiga shekara ta uku, kashi 60 kafin ta huɗu, kashi 80 kafin ta biyar. Wanda ya sauya makaranta sau biyu ko uku, sau da yawa sai an karkata shi zuwa wani fanni mai sauƙin cike gurbi don kawai ya cancanci taka fili. Agogon shekara biyar da ake ba shi don ya buga kaka huɗu kuma ba ya tsayawa. Ga ɗalibin da ya je daga waje da bizar F-1 akwai ƙarin aiki: sai tsohuwar makaranta ta miƙa bayanansa na SEVIS, rumbun bayanan ɗaliban waje na gwamnatin Amurka, ga sabuwa, a ba shi sabuwar takardar I-20, sannan sharuɗɗan bizar sun taƙaita kuɗin talla da zai iya karɓa a cikin Amurka.

Abin da ya fi kowane ɓangare rauni shi ne kalanda, don kusan kowace shekara sai an taɓa ta. A 2022 aka fara ware lokutan shiga: a zari-ruga, kwana 45 a hunturu da 15 a bazara. Aka rage jimillar zuwa 45, aka sake ragewa zuwa 30, wato 9 zuwa 28 ga Disamban 2024 da 16 zuwa 25 ga Afrilun 2025. Buɗewar Disamba ta faɗo daidai tsakiyar wasannin ƙarshen kaka. Marshall, wadda ta ci kofin rukuninta, ta janye daga wasan ƙarshen kaka na Independence Bowl da za ta kara da Army saboda kocinta Charles Huff ya koma Southern Miss, 'yan wasa suka yi tururuwa zuwa fotal. Beau Pribula, mataimakin mai jefa ƙwallo na Penn State, ya bar ƙungiya ana gab da wasan neman kofin ƙasa, don in ya jira guraben sun cike. Buɗewar Afrilu ita ma ta haifar da nata: Nico Iamaleava ya rabu da Tennessee a ƙarshen atisayen bazara ya tafi UCLA, Joey Aguilar da bai daɗe da isa UCLA ba ya kwashi kayansa ya koma Tennessee.

Gyaran da aka yi shi ne buɗewa guda ɗaya, 2 zuwa 16 ga Janairun 2026, aka soke ta Afrilu. In an sauya babban koci, ana ba 'yan wasansa kwana 15 da ke farawa kwana biyar bayan sanar da sabon koci, maimakon kwana 30 na da. Kociyoyi sun ji daɗi, don sun san waɗanda ke hannunsu tun daga Janairu. Ga ɗan wasa kuwa an rage masa: wanda ya gano a atisayen Afrilu cewa shi ne na uku a layi, ba shi da ƙofa sai wata shekara. Kuma jami'o'i da dama na fara zangon karatu a tsakiyar Janairu, saboda haka ziyara da tantance takardu da rajista duk sai an cusa su cikin 'yan kwanaki.

Batun zawarci ta bayan gida kuwa, doka ta ce kada a tuntuɓi ɗan wasa kafin sunansa ya fito, har ana sa shi da sabon kocinsa su tabbatar ba a yi ba. Kowa ya san ana yi, ta hannun wakilai da tsofaffin kociyoyin sakandare da abokan wasa. Wanda ya shiga yau ya sanar da sabuwar makaranta gobe ba a mafarki ya ga tayin ba. Shari'ar ɗan wasa Xavier Lucas ma ta nuna iyakar ƙarfin fotal ɗin: Wisconsin ta ƙi saka sunansa bisa hujjar ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyu, shi kuma ya janye daga makarantar ya yi rajista a Miami a Janairun 2025 ba tare da fotal ba. A watan Yuni Wisconsin ta maka Miami a kotu.

Yawancin abin da ake zagin fotal a kai ba shi ya kawo ba. A Afrilun 2021 aka soke zaman benci ga sauyi na farko. A Yulin shekarar aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A Disamban 2023 alƙali John Preston Bailey na West Virginia ya dakatar da dokar hana wasa ga mai sauyi na biyu, bayan wasu jihohi sun kai ƙara, sai NCAA ta cire iyakar a 2024 ga duk wanda karatunsa ke kan layi. A Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House da 'yan wasa suka shigar kan NCAA, wanda ya ba kowace makaranta damar raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko, ya sa iyakar 'yan zari-ruga 105 a ƙungiya, ya kuma wajabta kai duk cinikin talla na dala 600 zuwa sama gaban wani dandali mai suna NIL Go don tantancewa. Waɗannan ne suka zuba kuɗi da gudu a harkar.

Masu ƙorafi na da gaskiya a wasu wurare. Ƙananan makarantu sun zama gonar renon manya: su gano yaro, su horar da shi shekara biyu, mai kuɗi ya zo ya ɗauke ba tare da ko sisin diyya ba, abin da ko a ƙwallon ƙafa ta Turai ba a yi, don can akwai kuɗin sayen ɗan wasa. Yaran sakandare ma sun rasa gurabe, tunda koci mai tsoron kora gara ya ɗauki ɗan shekara 22 da ya riga ya ga fili. Alkawarin baka kuma ya yi yawa: Matthew Sluka ya ajiye wasa a UNLV bayan wasa uku a 2024, wakilinsa na cewa an yi masa alkawarin dala 100,000 ba a biya ba, kuma babu rubutacciyar yarjejeniya.

Inda hujjarsu ke rushewa shi ne maganar biyayya. A cikin kociyoyi, Lincoln Riley ya bar Oklahoma zuwa USC a Nuwamban 2021, Brian Kelly ya bar Notre Dame zuwa LSU a mako guda da shi, Lane Kiffin ya bar Ole Miss zuwa LSU a ƙarshen Nuwamban 2025 alhali ƙungiyarsa na shirin shiga gasar neman kofin ƙasa. Babu wanda aka ce ya zauna shekara a gida. Abin da ke ɗaure koci kwantiragi ne mai kuɗin fansa da aka yi ciniki a kansa, kuma irin wannan ne kaɗai zai iya ɗaure ɗan wasa ba tare da kotu ta yi watsi da shi ba. Sai dai hakan na kai wa ga tambayar da jami'o'i ke gudu, ta ko 'yan wasan ma'aikata ne da za su iya kafa ƙungiyar ƙwadago. Ingancin wasa kuwa bai faɗi ba. Daga 2017 zuwa 2025, bakwai cikin tara da suka ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan zari-rugar jami'o'i sun taɓa sauya makaranta. Cam Ward ya taso daga Incarnate Word, ya bi ta Washington State da Miami, ya zama zaɓi na farko a gasar ƙwararru ta NFL a 2025. Koci Curt Cignetti ya zo Indiana da rukunin yaransa na James Madison, ya ƙara da Fernando Mendoza daga California, sai ga Indiana da aka daɗe ana rainawa ta ɗauki kofin ƙasa.

Wa ya kamata ya shiga? Wanda ke da faifan wasa na gaske da zai nuna, wanda kocinsa ya tafi kuma sabon tsari bai dace da shi ba, da wanda ya gama digiri yana da sauran kaka. Wanda bai taɓa taka fili ba kuma haushi ne kawai ke cin sa, ya yi hattara. Kafin a miƙa sanarwa, a karɓi takardar sakamako a kai wa mai ba da shawarar karatu ya lissafa abin da zai bi mutum, a karanta duk yarjejeniyar kuɗi da aka sa wa hannu a ga ko akwai sharaɗin mayar da kuɗi in an tafi, a tambayi ofishin bin ƙa'ida ranar da tallafi zai yanke. In an samu tayi kuma, a ga adadin kuɗin da ranakun biya da tsawon tallafin karatu a rubuce kafin a saki ɗakin kwana.