Ƙamus ɗin Oxford a teburin mai buga takardun yabo

Sana'ata buga takardu ce a wani ɗan shago kusa da Terminus a Jos, kuma aikin da ya fi zo mini shi ne na yabo: rubutun allon girmamawa ga wanda zai yi ritaya, wasiƙar shaida ga ɗalibi mai neman gurbin karatu, jawabin bankwana da shugabar makaranta. Kwastoma zai zauna ya ce, "Hajiya, ki sa mana kalma mai nauyi." Saboda wannan nauyin na sayi Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 da ya fito a 2020. A. S. Hornby ne ya fara tsara shi, ya fito a 1948, domin waɗanda Turanci ba harshen gidansu ba ne.

Idan ka tambayi waya, admirable da laudable da creditable duk "abin yabo" za ta ba ka, ta bar ka a nan. Shi ƙamus ɗin yana nuna maka inda kowace take zama. Laudable ana faɗa wa niyya ko yunƙuri da ya cancanci yabo ko da bai kai ga nasara ba. To ka ga idan aka rubuta wa shugaban da ya gina ajujuwa ya gama, an rage masa. Creditable kuwa "ba laifi, ya yi ƙoƙari" ce, ba ta kai a zana ta a allon mutumin da ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati ba. Irinsa meritorious ta dace da shi, ita ce ta dogon aiki na gaskiya. Malamar da ake so na baya su yi koyi da ita, exemplary nake sa mata.

Wadda ta fi sa ni taka-tsantsan ita ce venerable. Tana nufin mai shekaru da ake girmamawa, amma kuma laƙabi ce ta wani babban muƙami a cocin Angilikan. A garin nan da muke zaune tare da maƙwabta Kirista, dole ka san wa kake rubuta wa kafin ka ɗora ta gaban suna.

Bayanin ƙamus ɗin yana da sauƙi, don da kalmomin yau da kullum aka rubuta shi, kuma akan sa alama a gefen kalmar da ta fi dacewa da takardar ofis. Misalan jimloli su ne abin da na fi ƙauna. Daga nan nake gane kalmar da ke tafiya da wata.

Babu Hausa a cikinsa, don haka wanda Turancinsa bai zauna ba zai sha wuya da farko. Rubutun ma ƙanana ne, sai da tabarau nake karantawa in an ɗauke wuta.

Abu ɗaya nake roƙon mai saye: ya guji na jabu da ake shimfiɗawa a bakin titi. Araha gare su, amma tawadar ta kan dushe, wani lokaci shafuka sun ɓace gaba ɗaya. Shiga kantin littattafai, ka buɗe tsakiya da ƙarshe, ka ɗaga takardar ka duba, ka ja bangon kaɗan ka ji ko ɗaurin ya kama kafin ka miƙa kuɗinka.