Shekara guda da ƙafar roba: abin da sawuna ya nuna mini

Bayan hatsarin kabu-kabu da ya yi sanadin yanke mini ƙafar hagu a saman gwiwa, na ɗauka cewa ranar da aka sa mini ƙafar roba, ranar ɗingishi zai ƙare. Shekara guda ke nan ina amfani da ita a nan Maradi, kuma ba haka lamarin ya kasance ba.

Ƙafar kanta ba ni da babban ƙorafi a kanta. Gwiwarta tana lanƙwashewa daidai, kuma tana jure yashin unguwarmu. Inda take ba ni wahala shi ne lokacin bazara, domin gumi yakan taru a gurbin da dungun ke shiga, har sai na tsaya na cire ta na goge kafin fata ta saluɓe.

Sawuna a kan yashin ƙofar gida ne ya fara nuna mini matsalar. Takun ƙafar roba ya fi tsawo, kuma yana barin wani zane mai lanƙwasa, saboda ina jefa ta ta gefe kafin ta sauka. Ƙafar dama kuwa sauri take yi ta karɓi nauyi, don jiki bai yarda da ta hagu ba. Tafiya zuwa babbar kasuwa sai in dawo da ciwon baya da na gwiwar dama.

Likitan motsa jiki ya bayyana mini cewa tsokokin gefen ƙugu, waɗanda ke riƙe ƙugu kada ya karkata yayin da mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya, sun yi rauni, kuma wasu tsokokin cikin cinya sun rasa inda suke manne tun da aka yanke ƙashin. Shi ya sa nake karkatar da gangar jiki zuwa hagu a kowane taku. Ya umarce ni da kwanciya rubda ciki kullum don kada dungun ya ƙage a lanƙwashe, da kuma ja da robar tayar keke ta gefe da ta baya. Aikin yana da gundura, kuma da an fara mini shi tun ina kwance a asibiti, da ban yi asarar watanni ba.

Har yanzu ina ɗingishi, amma zanen nan ya kusa ɓacewa daga yashi, kuma ina zuwa masallacin unguwa ba tare da sanda ba.