Wane oben ya kamata mai yin kek a gida ta saya?

Duk sanda Sallah ta matso ko aka shiga lokacin bukukuwa, tambayar da 'yan uwa mata suka fi yi ita ce wane oben zan saya, na wuta ko na gas, na kanti ko na masu walda. Ni dai ba zan yi ɓoye-ɓoye ba, in har sana'a kike son yi da kek, wato ki dinga karɓar odar biki da suna da walimar sauka da bazday ɗin yara, to oben ɗin gas ƙirar gida wanda mai walda na kirki ya haɗa shi ne zaɓina, kuma shi nake nuna wa duk wadda ta zo koyo wajena. Amma fa sai kin san abin da za ki duba, don wallahi ha'incin da ke cikin harkar nan ba kaɗan ba ne.

Shi kek abu uku yake nema a wajen oben, zafi ya tsaya tsakanin digiri 170 zuwa 180, kar ya yanke a tsakiyar gashi, kuma ya ratsa ko'ina daidai. In ɗaya ya ɓaci za ki gani a wajen kwalliya, don kek ɗin da ya yi tozo a tsakiya ko gefensa ya ƙone sai kin yi ta yanka kina zubarwa kafin ya miƙe, ga fondan, wannan kwaɓin sukarin da ake lulluɓe kek da shi, ba ya rufa asiri, duk wani ƙulu da rami sai ya nuna shi, barin ma kek mai hawa uku na amarya da za ki ɗora inci 8 kan inci 10 kan inci 12, in na ƙasan ya karkace to duka ginin ya karkace. Mutane suna ta kashe kuɗi kan kayan ado da kaloli da bakunan matsa ado a kan kek, alhali matsalarsu tun daga gashi take.

Maikurowef ki bar shi a ɗumama abinci. Eya firaya kuma ko ta gasa, ƙananan kek shida ne ko takwas, ba kayan oda ba ce. Tukunya da yashi ba zan raina ta ba don da ita iyayenmu suka yi kek ɗin Sallah shekara da shekaru, ki zuba yashi mai tsafta ko gishiri a babbar tukunya ki ɗora murfin gwangwani ko ɗan ƙarfe a kai, ki rufe ta yi zafi sannan ki saka gwangwanin kek ɗinki, yana yi kuma yana daɗi, amma gwangwani ɗaya ne a lokaci ɗaya, ranar da aka ce ki kawo ƙananan kek ɗari biyu na gara sai dai ki kwana a tsaye.

Oben na wuta irin na ɗorawa kan kanta, gaskiya in ana maganar kyawun gashi babu kamarsa, yana da wuta sama da ƙasa, yana da abin saita zafi, wasu har da fanka a ciki, za ki samu na Binatone da Scanfrost da sauransu a Sabon Gari ko kowace babbar kasuwa. Kuɗin wutar ma ba shi ne abin tsoro ba, oben mai wat 2000 yunit biyu yake sha a awa ɗaya, ko a farashin naira 225 kowane yunit da aka saka wa 'yan Band A, wato layukan da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024 kin ga naira 450 ke nan. Matsalar ita ce nefa. Kin kwaɓa fulawa da bota da ƙwai na dubban nairori, kin saka, kek ya fara tashi, sai ɗif a ɗauke wuta, nan take tsakiyar zai faɗa ya yi danƙo kuma ko an dawo da ita bayan rabin awa ba ya sake tashi. Ƙaramin janareta ɗin nan na shago bai kai wat 1000 ba, ba zai ɗauka ba, sai babba, ga fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san yadda yake. In gidanku akwai sola mai ƙarfi ko layinku wuta na zama, bismillah ki saya. In kuwa irin unguwanninmu ne da ake kawo ta ƙarfe biyun dare, ki haƙura.

Kukar gas mai tsaye da ake saka wa amare a kicin, mai kan girki huɗu da oben a ƙasa, ta yi wa mai yin na gida ita da maigida da yara. Yawancin masu sauƙin kuɗin daga ƙasa kawai wutar take, sai ƙasan kek ya yi baƙi saman bai nuna ba, dabarar ita ce ki ajiye tire da ɗan yashi ko gishiri a can ƙasa ya tare zafin. Amma cikin ƙarami ne, gwangwani inci 12 ɗaya ya cika shi.

To mu zo kan nawa. Oben ɗin walda akwati ne na ƙarfe mai hawa biyu ko uku ko fiye, bututun wuta a ƙasa, farantin ƙarfe mai kauri a kan wutar wanda shi ke karɓar zafin ya raba, sai 'yar kafar fitar hayaƙi a sama. Abin da ya sa nake sonsa na farko shi ne ba ruwansa da nefa, silinda mai kilo 12.5 in kin cika kin san aikinki na hannunki, ko tsakar dare oda ta matse ki sai ki kunna. Na biyu girma, ke za ki faɗi awon da kike so, ni shawarata kullum ki kwashi gwangwanayenki da tirenki ki je da su wajen mai waldar, ki ce Malam so nake wannan da wannan su zauna a hawa ɗaya kuma a samu sararin yatsa uku tsakaninsu da bango, don in gwangwani ya manne da bango gefen nan sai ya ƙone. Mai hawa uku zai ɗauki kek ɗin amarya gaba ɗaya a zubi ɗaya, duk su fito kala ɗaya laushi ɗaya, su huce tare ki yi kwalliyarki a natse, kuma da shi ɗin za ki yi mit fai da biredi da biskit da gashin kaza na Sallah. Na uku gyara, in wani abu ya lalace ba sai an nemo kayan gyara daga Legas ba, wanda ya ƙera shi yana nan. A Kaduna mutane na zuwa Panteka, a Kano kuma kusan kowace unguwa akwai masu walda, sai dai ba kowane mai ƙera ƙofa da taga ne ya iya oben ba, ki nemi wanda aikinsa ke nan kuma ki ce ya haɗa ki da wata da take amfani da nasa, ki je ki gani da idonki.

Aibinsa ɗaya ne, ba ya saita zafi da kansa, ke ce za ki dinga ƙara wuta kina ragewa. Maganin wannan kuwa ɗan ma'aunin zafi ne na ratayawa a cikin oben, masu sayar da kayan kek suna da shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ki rataye shi a hawan tsakiya, ki kunna oben ya yi minti 10 zuwa 15 kafin ki saka komai, sati biyu kina yi hannunki zai san inda makunnin zai tsaya.

Yanzu ki buɗe kunne da kyau don nan ne ake cin kuɗin mata. Oben na gaskiya bango biyu ne, ƙarfe a waje ƙarfe a ciki, tsakaninsu a cusa faiba, wannan audugar gilashin mai ƙaiƙayi, ita ke riƙe zafi. Wasu sai su yi bango biyun su bar tsakiyar wayam, wasu su cusa kwali ko soso, su like su shafa fenti mai sheƙi, ke kuma ba ki da hanyar gani. Ni an taɓa yi min, wani mai walda ya rantse min da Allah ya saka faiba, ranar da na fara gasa kek ɗin suna jikin oben ɗin ya yi zafin da ba a iya matsowa kusa, gas na ta ƙonewa zafin na fita, saman kek fari fat ƙasa ya ƙone, ga cikin ashe fentin mai ya shafa irin na ƙofa, warin ya kama kek ɗin gaba ɗaya, mai jego na jira ni kuma ina zubar da kaya ina sake kwaɓi a gidan maƙwabciya. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Saboda haka ki ce masa ranar da zai saka faiba ya kira ki, ko ki tura maigida ko ƙaninki ya tsaya a kai har a like, kuma har murfin ƙofar da rufin sama a saka, don nan suka fi yin ƙwange. In wanda aka riga aka gama ne za ki saya, ki ƙwanƙwasa jikin, mai faiba ƙararsa a dushe take, wanda ba komai kuwa sai ki ji yana amsawa kamar garwa. Ki kuma jijjiga shi ki ji nauyi.

Cikin oben ba a shafa masa fentin mai, ko kaɗan. In kin buɗe kin ga ciki yana ƙyalli da fenti ruwan azurfa ki tambaya wane iri ne, in ya fara kame-kame ki juya. Ki tambayi asalin ƙarfen ma, don akwai masu yanka tsohuwar durom da ba a san me aka zuba a ciki ba, ko kwanon rufi, su miƙe su yi ciki da shi, abin da za ki gasa abincin da jarirai da tsofaffi za su ci. Farantin da ke kan wuta ki danna shi da hannu, in yana lanƙwasa to siriri ne, wata kaɗan zai bankare ya fara ƙona miki gefe ɗaya. Ƙofa ki rufe ki duba ko haske na shiga ta gefe, in akwai gilashi a jiki ki tabbatar mai jure zafi ne ba gilashin taga ba, na taga fashewa yake yi. Araha ba ta ado, wanda ya faɗa miki kuɗin da ya yi ƙasa sosai da na sauran to akwai abin da ya cire.

Kar ki biya cikon kuɗi sai an kunna a gabanki. Wutar ta zama shuɗiya daga farkon bututun har ƙarshe, in ja ce ko ruwan ɗorawa tana hayaƙi to iska ba ta shiga daidai, za ta yi miki baƙi a gwangwani ta kuma sha gas. Ki je da biredi mai yanka-yanka ki jera a tire ya cika hawa ɗaya, ki bar shi 'yan mintuna, inda ya fi yin ja nan ne zafi ya taru, in bambancin kaɗan ne ba komai juya gwangwani zai gyara, in kuwa gefe ɗaya ya ƙone ɗaya fari ne to ya gyara kafin ki ɗauka. Ki kaɗa ruwan omo ki shafa a duk mahaɗar tiyo da regileta da makunni, in ya yi kumfa yana tashi gas na zuba. Tiyon ya zama na gas ne na asali da abin ɗaurewa na ƙarfe, ba tiyon ruwa da aka ɗaure da roba ba, wannan kam rai ake magana.

Masu sayarwa a Instagram da Facebook kuma, akwai na kirki, amma akwai waɗanda hoton oben ɗin wani suke ɗorawa, ki tura kuɗi su toshe ki, ko a kawo miki wani ɗan ƙaramin abu da bai yi kama da hoton ba. Ki ce a yi miki bidiyo ana auna cikin da tef, ki biya rabi, sauran sai kaya sun iso. Ko na wutar ne ma kar ki yarda da lita 60 ko 100 da aka rubuta a kwali, gwangwaninki shi ne ma'auni. Na gwanjo kuma ki juya bayansa ki karanta, kayan Amurka bolt 110 ko 120 ne, tamu wutar 230 ce, kina jonawa zai ƙone, kuma lambobinsu na zafi daban ne, 350 ɗinsu shi ne wajen 180 namu.

In kin kawo shi gida ki ajiye inda iska ke shiga amma ba inda take kaɗawa ba, musamman da hunturu don tana kashe wutar gas ya ci gaba da fita ba ki sani ba, silinda kuma ta yi nesa da jikin oben. Kullum ki buɗe ƙofar tukuna, ki kunna ashana sannan ki murɗa gas, in bai kama ba ki kashe ki jira warin ya fita don gas ƙasa yake kwanciya. Kunnawar farko ki bar shi ya yi awa guda ba komai a ciki duk warin walda da maiƙo ya ƙone, washegari ki gwada da kwaɓin rabin kilo na 'yan gida kafin ki karɓi odar kowa.