Wayar shokin ko na'urar leza? Ni dai duk biyun na saya

Malam, kan tambayarka ta wadda zaka sa don tsaron gida, wayar shokin saman katanga ko na'urar leza: lezar nan da mai shago ya ce maka wai tana zagaye gida da katangar da ido baya gani, na saye ta shekara uku da suka wuce kuma har yau in na tuna kuɗin sai raina ya sosu. Ƴan akwatuna biyu ne kawai suna kallon juna, ɗaya na harba haske ɗaya na karɓa, in wani abu ya gitta sai jiniya ta tashi, shikenan aikinta. Bata tare ko akuya. Tawa mage ce ke tada ta, da hunturu ya shigo ƙura ta rufe gilashin sai ta koma ihu ƙarfe biyun dare ba dalili, har maƙwabta suka fara min magana na cire fulogin. Abin da zan yaba mata dai bata cin wuta.

Irin garkuwar da ake gani a finafinai, wadda harsashi ke bugawa ya faɗi, babu wanda ya ƙera ta balle a kawo kasuwa. In ma an ce da maganaɗisu za a haɗa ta, shi ƙarfe yake ja, ko ya karkatar da ƙwayoyin da ke ɗauke da caji, to ɓarawo nama ne da ƙashi ina ruwansa da maganaɗisu. Abin da ya ɗan yi kusa shi ne tagar filasma da Ady Hershcovitch ya haɗa a cibiyar bincike ta Brookhaven a Amurka wajen 1995, iskar gas ce mai azabar zafi da ke toshe ƴar ƙaramar ƙofa ta hana iska shiga wurin da aka zuƙe wa iska, kuma wutar da take sha ba ta gida bace. Kamfanin ƙera jiragen sama na Boeing ma sun yi rajistar wata dabara a 2015 ta rage ƙarfin bugun iskar bom a kusa da mota, banda ɓarɓashin ƙarfe, kuma rajista ce a takarda. Wai abin da ya gagari waɗannan shi ne wani zai ciro maka daga ƙasan kanta a kwali.

Wayar shokin kuwa, Allah ya sa wa wanda ya ƙirƙiro ta albarka. Layi shida na ja a saman katanga da batir da ƙaramar sola saboda halin NEPA. Injin yana tura wuta mai ƙarfin bolt dubu bakwai zuwa goma amma ɗif ɗif yake yi, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, shi ya sa take wurgar da mutum ba tare da ta riƙe shi ba, kuma in an yanke ta ko an haɗe layi biyu jiniya na tashi. Daminar bara ina Kaduna wajen biki, uwargida ta kira ni da asuba tana dariya tana haki, wai sun ji ihu da faɗuwar abu tim a bayan gida, gari na wayewa sai ga silifas wari ɗaya da tsani jingine. Har yanzu tsanin na nan muna hawa gyaran tanki.

Sai dai ka buɗe ido da masu haɗawa. Akwai marasa tsoron Allah da zasu karɓi kuɗin inji su jona wayar kai tsaye da wutar gida, wannan kisa take yi, yaron unguwa ya hau ɗauko ƙwallo ka shiga uku. Wasu kuma su kafa guntun rodi ɗaya a busasshiyar ƙasa a matsayin at, wato ƙarfen da ke haɗa injin da ƙasa, da rani shokin ɗin ya zama kamar cizon cinnaka. Ka sa a auna maka da mita a kusurwar da ta fi nisa da injin kana tsaye kafin ka cika kuɗi, a rataya allon gargaɗi, kuma ka sare reshen darbejiyar da ke taɓa wayar don yana zuƙe wutar.

Ka sa wayar kawai Malam. Lezar in kana sha'awa tawa na cikin sito, ka aiko yaro ya ɗauka.