Gargaɗi ga kafintoci: jika 92 na biya a kan injin goge katako na jabu

Na yi kwana tara ina jinkirin rubuta wannan bayani saboda kunya, amma jiya da dare na ga mutumin da ya cuce ni ya buɗe wani sabon shafi a Facebook da sabon suna, da hotuna da kuma bidiyon da ya yaudare ni da su, shi ya sa na ga shiru ba zai yiwu ba. Ni kafinta ne a garin Tahoua, shekarata 19 ina wannan sana'a, kuma mutumin nan ya karɓi jika 92 daga hannuna, wato sefa 92,000, a kan injin goge katako wanda bai yi aikin minti 20 ba ya ƙone. Jika 85 kuɗin inji, jika 7 kuɗin mota, jimilla jika 92.

Ina so a fahimci cewa ba da ka na yi wannan ciniki ba, domin tun da abin ya faru wasu suke ce mini ai duk wanda ya sayi kaya a waya shi ya so. Na san abin da nake nema. Ina da tsohon inji mai faranti mai kusurwa huɗu, wanda karkarwa kawai yake yi, yana barin ƙananan zane kamar ƙugiya a fuskar katako, zanen da ido ba ya gani sai an shafa man ƙyalli sannan ya fito fili. Injin goge katako mai bel kuwa yana cin katako da yawa, bai dace da aikin ƙarshe ba. Abin da nake buƙata shi ne mai zagayayyen faranti wanda yake motsi biyu a lokaci guda: farantin yana juyawa, cibiyarsa kuma tana kewaya wani ɗan ƙaramin da'ira, ta yadda ƙwayar samfefa ba ta bin hanya ɗaya sau biyu. Na daɗe ina bincike kafin na tsaya a kan Makita BO5041, mai faranti milimita 125 da ramuka takwas na zuƙe ƙura, mai ƙarfin wat 300, wanda ake iya rage gudunsa ko a ƙara daga kewaye 4,000 zuwa 12,000 a minti. Kamfanin da ke ƙera shi ba shi da laifi ko kaɗan a wannan magana, sunansa aka sata aka manna a kan tarkace.

Abin da yake ta dawo mini a rai, har yana hana ni barci, shi ne wayar da muka yi ta farko. Na ce masa ina son injin goge katako, sai ya ce: "Malam, mai faranti 125 kake so ko mai 150? In tebur da ƙofofin kabad kake yi, 125 ya ishe ka, kuma samfefarsa ta fi sauƙin samu." Bayan haka ya ja mini kunne da kansa, ya ce in yi hankali da injinan da ake shigowa da su na kasuwar Amurka, domin wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa a Nijar 220 ce, in na jona irin wancan kai tsaye zai ƙone. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce ta sa na saki jiki. Wane ne zai ji mai sayarwa yana hana shi sayen babba mai tsada, yana kuma yi masa gargaɗi a kan wuta, sannan ya zarge shi da zamba? Na maimaita wannan waya a zuciyata ya fi sau ɗari ina neman inda ya kamata in gane, kuma har yanzu ban ga wurin ba.

Ya ce shagonsa yana Kasuwar Katako a Yamai. Na nemi ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, ya kira, ya ɗauko injin ya nuna mini lambar da ke jikinsa, ya sa yatsa ya tura farantin, na ga yana juyawa a sake kamar yadda na gaskiya yake yi idan ba a kunna ba. Ya kunna, ya murɗa ɗan abin daidaita gudu, na ji ƙarar tana sauka tana hawa. Injin da ya nuna mini na gaskiya ne, ba ni da shakka, amma ba shi ya sa a mota ba.

Kafin wannan kiran ne ma, ko kuma a ranar, domin kwanakin sun cakuɗe mini, na tambaye shi dalilin da farashinsa ya yi ƙasa da abin da wani abokin aikina ya taɓa faɗa mini. Ya ce tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya ta Lome suke zagayowa su bi ta Burkina Faso, kuɗin dako ya ƙaru, amma shi waɗannan ragowar tsohon kaya ne da yake son ya karya farashinsu ya mai da kuɗinsa. Duk wanda yake sayen katako ko ƙusa a ƙasar nan ya san yadda rufe iyakar ya taɓa farashi, saboda haka bayanin ya shiga hankalina. Na tura jika 50 ta ɗaya daga cikin kamfanonin aika kuɗi, washegari ya aiko mini hoton kwali a tashar mota da sunana a rubuce, na tura sauran jika 35, sannan ya ce direba yana neman jika 7, na ƙara. Jika 50, jika 35, jika 7. Rasit ɗin duka uku suna nan a aljihuna.

Daga Yamai zuwa Tahoua tafiyar sama da kilomita 500 ce, ta Dosso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, kuma da zan je da kaina sai na rufe shago kwana biyu na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, alhali ina da kayan ɗakin amarya da na yi alkawarin bayarwa cikin mako guda. Wannan ne dalilin da ya sa ban je ba, ba ganganci ba ne.

Da na buɗe kwalin, launin jikin injin ya yi kama da wanda na gani, amma tun da na ɗaga shi hannuna ya gaya mini akwai matsala, domin na gaskiyar yana kusan kilo ɗaya da rabi, wannan kuwa sakayau yake kamar ba komai a cikinsa. Takardar suna an manna ta a karkace, babu lambar ƙira. Na tura farantin da yatsa, ya ƙi juyawa a sake. Abin daidaita gudun yana murɗuwa amma ƙarar ba ta canzawa, daga baya da mai gyara ya buɗe cikin sai muka tarar ba a haɗa shi da wata waya ba. Ramukan farantin ba su dace da na samfefa mai ramuka takwas ba, jakar ƙurar kuma ko cokali ɗaya ba ta tara ba.

Duk da haka na gwada shi, domin na riga na biya jika 92 kuma aiki yana jirana. Na sa samfefa mai lamba 120 a kan saman tebur na jan katako wanda na riga na daidaita shi da mai lamba 80 da hannuna. Farantin juyi ɗaya kawai yake yi kamar injin yankan ƙarfe, ya zana mini zobba masu zurfi a fuskar teburin, wuri ɗaya har ya yi baƙi saboda zafi. Ban kai minti 20 ba na ji ƙaurin roba, hayaƙi ya fito, injin ya tsaya. Yarona da ke koyon aiki yana tsaye yana kallo, ya ce: "Maigida, ko wuta ce ta yi yawa?" Ba wuta ba ce, sauran injinan shagon suna aiki lafiya lau a lokacin. Na kwashe kwana biyu ina kankare zobban nan da hannu, kaurin saman teburin ya ragu, dole na je na ba Alhajin da ya ba ni aikin haƙuri na rage masa kuɗi. Wannan asarar ba ta cikin jika 92 ɗin.

Na kira mutumin a daren da injin ya ƙone, ya ɗauka, ya ce yaran shago ne suka yi kuskuren kwali, in yi haƙuri in turo jika 7 na mota zai aiko da na gaskiyar. Na ce sai dai ya aiko tukuna, ya ce to, da safe kuma lambar ta daina shiga, shafin ya ɓace. Ƙanena da ke zaune a Yamai ya shiga Kasuwar Katako ya zagaya layin masu kayan aiki da hoton da na tura masa, babu wanda ya san fuskar, babu kuma shago mai sunan da yake amfani da shi. 'Yan kasuwar ba su da hannu a ciki, har wani dattijo a cikinsu ya ce ba ni ne na farko da aka zo ana cigiyar mutumin ba.

Na kai ƙara ofishin 'yan sanda da rasit ɗin uku, saboda haka ba zan sa suna ko lamba a nan ba sai an ba ni izini, amma hotunan hirarmu, da bidiyon da ya nuna mini, da hoton cikin injin da mai gyara ya buɗe, duk zan saka su da zarar na rufe lambobin da ke jiki. Kada wanda ya tura kuɗi kafin wani nasa ya riƙe injin a hannu, ya tura farantin da yatsa, ya murɗa abin gudu, kuma ya tsaya har a rufe kwalin a gabansa. Sabon shafin yana tallan injin nan a kan jika 80, kuma har zuwa daren jiya na ƙirga mutum huɗu da suka rubuta masa suna tambayar yadda za su biya.