Kuɗin 'yan sari-ka-noƙen Filifin daga hannun wani dillalin intanet

Ƙunshin da na saya a wurin wannan dillali na kuɗin gaggawa ne da Filifinawa suka buga lokacin da Japan ta mamaye ƙasarsu. Kayansa na gaskiya ne, kuma zan sake saye a hannunsa, amma akwai inda ya gaza.

Da Japan ta afka wa Filifin a Disambar 1941, hanyar kai kuɗi daga Manila zuwa tsibirai ta yanke, sai Shugaba Manuel Quezon ya ba da izini a kafa kwamitoci a larduna su buga nasu peso. Bayan Corregidor, tsibirin da ke tsare mashigin Manila, ta faɗa hannun Japan a Mayun 1942 ba a daina ba. Gwamnatocin da suka koma daji da 'yan sari-ka-noƙe suka ci gaba da bugawa, da shi ake biyan mayaƙa, da shi ake sayen shinkafa. Japanawa suka haramta shi, wanda aka kama da shi a aljihu yana iya rasa ransa.

Abin da ya fi burge ni da dillalin nan shi ne bai taɓa takardun ba. Bai wanke ba, bai yi musu guga ba, bai datse gefe da almakashi don su yi kyan gani ba. Wasu 'yan kasuwar na yin haka, kuma ɓarna ce tsagwaronta. Akwai peso ɗaya ta tsibirin Negros ta 1943 da na daɗe ina juya ta a ƙarƙashin fitila. Takardar kaushi gare ta, tawadar ta yi kauri a wani gefe ta kuma dushe a wani, hatimin bai zauna daidai ba. An ninke ta sau da yawa har ta koma ƙarama ƙwarai, layin ninkin ya yi baƙi saboda gumi. Ba haka mutum ke ninke kuɗin da yake fitarwa a fili ba. Da an goge ta da sai wannan shaidar ta tafi, a bar ni da takarda kawai.

Ta tsibirin Mindanao ta fi tsabtar bugu, da sa hannun mutum uku a ƙasa. Ta lardin Bohol da ta lardin Iloilo ba laifi.

Inda ya gaza shi ne bayani. Hoton gaba kaɗai ya sa a shafinsa, alhali a irin wannan kuɗi bayan takarda na da labari. Nan ake samun hatimin ma'ajin wani gari ko sa hannun da ke tabbatar da ingancinta, domin tun a zamanin yaƙin jabu ya yawaita. Biyu daga cikin nawa suna da irin wannan hatimi, bai ko ambata ba. Ni riba na ci, amma wanda ke neman wani lardi takamaimai sayen makaho zai yi. Kuma ya rubuta "kuɗin 'yan tawaye" a kan duka, bai bambanta wanda kwamitin da ke da izini ya buga da wanda wani kwamanda ya buga da kansa ba. Bambancin ba ƙarami ba ne, don da gwamnatin Filifin ta zo fansar takardun da dokar 1949, ba kowane bugu ta amince da shi ba.

Sai ledar da ya saka su. Mai laushin nan ce ta PVC, wadda ke lalata takarda idan an daɗe. Duk wanda ya saya ya yi maza ya mayar da su cikin ledar Mylar, wadda ba ta lalata takarda. Naɗin dai ya yi kyau, tsakanin kwali biyu masu tauri, ba abin da ya lanƙwashe a hanya.

Kafin ka biya, ka tura masa saƙo ka nemi hoton baya da lambar kowace takarda. Yana amsawa, ko da yake ba da wuri ba.