Wata Shida Ina Kai Rubutuna Wurin Mai Tacewa a Kano: Abin da Na Gani

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Auyo a jihar Jigawa, kuma bayan an tashi daga makaranta nakan rubuta maƙaloli kan noman rani da kamun kifi in aika wa kafafen labarai na intanet, wanda suka ɗauka su biya ni. Da aka dawo mini da maƙala uku a jere ana cewa gyaransu ya fi ƙarfin lokacin edita, sai wani abokina ya haɗa ni da wata malama a birnin Kano wadda sana'arta ke nan tace rubutun Hausa, tana karɓar aiki ta WhatsApp. Yanzu wata shida ke nan muna aiki tare.

Tun kafin ta karɓi layi ɗaya daga wurina ta turo mini da shafi guda na sharuɗɗa. Ana biyan rabin kuɗi kafin ta fara, sauran kuma idan ta miƙa aiki. Kuɗin ya ƙunshi dubawa sau biyu kacal: ta gyara ta dawo da shi, marubuci ya amsa tambayoyinta cikin kwana uku, sannan ta yi dubawar ƙarshe. Duk sakin layin da aka ƙara bayan dubawar farko sabon aiki ne, da kuɗinsa daban. Haka kuma ba ta karɓar gyara ta saƙon murya, sai a rubuce.

Ban ɓoye ba, wannan shafi ya sosa mini rai, domin mu a nan jingar huɗa ko ta yankan shinkafa da baki ake ƙulla ta, a tafa hannu, magana ta ƙare. Ranar da na gane amfaninsa ita ce ranar da na karya shi. Na rubuta maƙala kan ambaliyar 2022 da ta cinye gonakin mutanenmu a gefen kogin Haɗeja, kuma bayan ta gama dubawa ta biyu sai na tuna da hirar wani dattijo mai kamun kifi, na ƙara ta, na kuma aika da doguwar murya ina bayani. Amsarta gajera ce: “Malam, hirar tana da kyau, amma sabuwa ce. Ka duba sharaɗi na uku, sannan ka rubuto mini abin da kake so.” Na biya ƙarin, ta gyara, babu wanda ya ce wa wani “ai ba haka muka yi ba.”

Hannunta a ƙa'idojin rubutu mai kyau ne ƙwarai. Ita ta hana ni raba kalmomi irin su “yana” da “suke” gida biyu, ta kuma hana ni rubuta irin su “shi ne” da “za su” a haɗe, kuma ba ta taɓa barin lanƙwasar ƙ, ɗ ko ɓ ta faɗi ba, tana cewa mai karatu bai kamata ya tsaya yana tunanin ko “kafa” ake nufi ko “ƙafa” ba. Ba gyara kawai take yi ba, takan ajiye dalili a gefe. A ɗaya daga cikin irin waɗannan bayanai ne na fara jin labarin taron daidaita rubutu da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta shirya a Bamako, babban birnin Mali, a 1966, da kuma cewa abin da muke rubutawa 'y a Nijeriya, a Nijar harafi ɗaya ne mai lanƙwasa.

Inda muka yi saɓani shi ne kan kalmar “kacala”, wato doguwar ciyawar nan da ke toshe hanyoyin ruwa daga Haɗeja har zuwa Nguru, wadda tsuntsayen jan baki ke samun mafaka a cikinta su fito su far wa shinkafa. Ba ta san kalmar ba, sai ta mayar da ita “ciyawa” a duk inda ta bayyana, ba tare da ta tambaye ni ba, alhali sharuɗɗanta sun ce ba za ta taɓa ma'ana ba sai da izinin marubuci. Ciyawa kuwa abin ba wa akuya ce, kacala kuma annoba ce da ke cin gona da hanyar kwalekwale. Da na nuna mata, ta amsa laifinta nan take, ta mayar da kalmar, ta kuma ba da shawarar a yi mata bayani da jimla ɗaya saboda mai karatu na birni, kuma ba ta lissafa wannan cikin dubawa biyun ba.

Babban ƙorafina shi ne an tsara aikin ne don mai kwamfuta da wutar lantarki. Takan nuna gyaranta da jan layi a cikin Microsoft Word, wanda a ƙaramar waya yake cunkushewa har mutum ya kasa bambance abin da aka soke da abin da aka ƙara. Wa'adin kwana uku ma yana yi wa ɗan ƙauye tsauri, musamman da damina, lokacin da wayata kan kwana a rumfar mai caji, sabis kuma sai na hau tudun bayan makaranta nake samu. Sau biyu wa'adin ya wuce ni, aikina ya koma ƙarshen layi.

Wanda yake da labari a hannu amma ƙa'idar rubutu ke kayar da shi a gaban editoci, zan ce ya gwada ta, da sharaɗin ya gama rubutunsa tsaf kafin ya aika, ya kuma haɗa da jerin kalmomin yankinsa da ma'anarsu. Na roƙe ta ta mayar da wa'adin kwana biyar ga irinmu, ta ce za ta duba bayan girbi. Maƙalar ambaliyar dai an ɗauke ta, da kacalarta a ciki.